Wuyan Buzu Yana Gabas

Duk baƙon da ya zo Maradi ya ga titunan nan a miƙe sai ya ce aikin Bature ne. To, na ji. Bature ne ya ja layi, ban musa ba. Amma jan layi a takarda daban, mutum ya fita ƙofar gidansa ya san inda zai dosa daban, kuma wannan na biyun yayana ne ya yi wa mutanen garin nan, Ilyasu, wanda kowa ya sani da Ɗanasabe mai taswira. Ni ce Safiyatu ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. In na fara zancensa bakina ba ya gajiya, wanda ya ƙosa ya tashi, ƙofa a buɗe take.

Mahaifinmu Idirisa shi ne ladanin unguwarmu a tsohon gari, can ƙasa cikin fadama, bakin Gulbi. Makaho ne, agana ta ɗauke masa ido tun ina goye. Amma kada ka kuskura ka ce za ka kama masa sanda! Tsohon Maradi lunguna ne a murɗe, wannan ya faɗa cikin wancan, baƙo mai ido biyu yana ɓacewa a ciki, shi kuwa Baba yana ratsa su da sauri har sai ka yi gudu-gudu kafin ka cim masa. Ya san katangar da ta yi ciki, ya san inda kwata take wari, ya san gidan da akuyarsu take kwanciya a tsakiyar hanya. Kowace salla shi kaɗai yake zuwa masallaci, shi kaɗai yake dawowa, buzunsa na tsohon rago a kafaɗa. Abin da ya fi ƙi a duniya shi ne a ja shi. Yakan ce shi ladan ne, ba mabaraci ba, ranar da aka ga wani riƙe da bakin sandarsa to a je a haƙa masa kabari.

Ilyasu ne ɗan fari, kun kuma san halin mutanenmu da ɗan fari. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakin Baba ba. "Wancan" ne, ko "yaron nan". Da gardawan kumandan, wato dogaran Baturen mulki, suka zo kamun yara a kai lakwal, makarantar boko ke nan, mai unguwa ya ɓoye nasa a rumbu ya nuna musu gidan ladan, daga ranar kuma sunansa ya koma "ɗan lakwal". Suna zaune a tabarma ɗaya sai Baba ya ɗaga murya ya ce, "Safiya, gaya wa ɗan lakwal rufin ɗakina yana yoyo." Shi kuma Yaya ya ce, "Safiya, ce masa gobe zan hau." Ni ce a tsakiya kamar turmi, kowa ya zo da taɓaryarsa.

A lakwal ɗin aka gane hannunsa yana da kyau. Da ya gama sai aka ba shi aiki a biro, wato ofishin Baturen da ke awon ƙasa, wanda muke kira Mai Ƙafa Uku saboda abin hangen da yake kafawa a kan sanduna uku. Yaya ya fara da jan sarƙar awo cikin rana, har ya kai ga zama a kan tebur da alƙalami da tawada yana zana gari da gona da hanya. Ni kam ina alfahari, in ya wuce da kakinsa sai in kalli matan unguwa ɗaya bayan ɗaya. Baba kuwa cewa yake zanen banza ne, ƙasar da Allah ya shimfiɗa me za a yi da hotonta.

Sai shekarar da Gulbi ya ci gari, ba a daɗe da gama yaƙin Turawa ba. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Gidajen ƙasa suka narke, masallacinmu ya zauna, rumbuna suka bi ruwa. Mu dai mun tsira da ranmu da 'yan tsummokara, Baba ya fito rungume da buzunsa. Kumandan ya ce ba wanda zai sake gini a fadama, kowa ya hau tudu. Aka share daji, aka ja layuka, aka yanka filaye da suke kira karre, kowane magidanci da nasa. Yaya ya yi watanni ba ya cin abinci a zaune. Mu muka samu namu a nan Sabon Gari. A lokacin ina gida, na fito daga aurena na biyu, kuma kada wanda ya tambaye ni dalili.

Sabon garin ya yi wa masu ido daɗi, mota tana wucewa, iska tana shiga. Baba kuwa kashe shi ya yi a tsaye. Ranar farko ya ɗauki sanda ya fita ƙofar gida, ya taɓa nan ya taɓa can, ba katangar da ya sani, ba warin da ya sani, zana ce ko'ina iri ɗaya, kowace kusurwa kamar 'yar'uwarta, yashi har idon sawu. Ya tsaya ya daɗe. Sannan ya juyo ya shiga ɗaki ya shimfiɗa buzu ya zauna. Zaman ke nan. Sanyi ya wuce, bazara ta zo, mutumin da ba a cim masa a lungu ya koma ba ya wuce bakin zaure. Wuyansa ya zama siriri, muryar nan da take tada mutanen ƙetaren Gulbi ta koma sai ka matso kake ji. Wallahi ina dafa tuwo ina kallonsa zuciyata tana ƙuna.

Ana cikin haka Liman Abdulmutallib ya zo gaishe shi. An gama sabon masallacin unguwa, can yamma da mu wajen kasuwa, da ɗan nisa. Wani saurayi ke riƙe da kiran salla, muryarsa ko kajin gidansu ba ta tayarwa, mu a nan ba mu taɓa jin ta ba. Liman ya ce, "Ladan, jama'a sun dame ni. Azumi ya matso, ba za a yi sahur da buɗa-baki da wannan murya ba. In za ka dawo, wurinka yana nan, in aiko jikana ya riƙa kawo ka. In kuwa ba hali, ka yafe mini, zan ba wani kafin a ga wata." Baba ya ce, "Jikanka ya yi zamansa, Liman. In zan zo da ƙafata zan zo." Liman ya yi sallama ya fita. Ladancin nan shi ne abin da ya rage masa, in aka ba wani na san ba zai ga wata damina ba.

Yaya yana zaure, ya ji komai. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi da wani katako mai kamar allon karatu, har da ɗan kai a sama. Ya sassaƙa titunan Sabon Gari duka a jiki da bakin wuƙa, layi-layi, ya kafa ƙusa a inda gidanmu yake, ya kafa wata a masallaci. Aiki ne mai kyau, kai ka ce a kanti aka saya. Ya ce, "Safiya, ce masa ƙusar dama gida ce, ta hagu masallaci, tsagin nan kuma hanya." Baba ya shafa, ya shafa, ya ce, "Gaya wa ɗan lakwal na ji, ni ba jariri ba ne." Ya tura allon ƙarƙashin gado. Washegari aka tura Yaya Jiratawa awon gonaki.

Ashe tsohon nan yana da shiri a ransa. Da hantsi na tafi rijiya, na dawo ba Baba, ba sanda, ba allo. Na zuba da gudu masallaci, ba a gan shi ba. Na shiga kasuwa ina tambaya kamar mahaukaciya. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Rana ta yi sanyi sai ga wata mata mai itace, Atika, mutuniyar Tsibiri, tana tafe riƙe da bakin sandarsa, shi yana biye, allo a hammata. A wata gona ta tsince shi can arewa a kan hanyar garinsu, zaune cikin shuka, ƙafafunsa duk ƙaya, ƙishirwa ta kusa kashe shi. Allah ya saka mata, ta ba shi ruwa, ta ajiye itacenta ta juyo da shi. Amma ta tsakiyar Sabon Gari ta ratso da shi, kowa yana gani. Abin da ya ƙarasa shi kuma, a bakin wata rumfa wani bawan Allah da bai san shi ba ya kama hannunsa ya danƙa masa ƙosai, ya ce sadaka.

Ya shigo da ƙosan a hannu, bai ma san yana riƙe da shi ba. Ya kwanta ya juya fuska bango. Na kai fura, ya ƙi. Na kai tuwo, ya ƙi. Abin da ya faɗa kawai shi ne, "A gaya wa Liman ya ba wani." Ni kuwa ban gaya wa kowa ba, na ce Liman ya ji a bakin wani ba nawa ba.

Ranar da Yaya ya dawo daga Jiratawa ko ruwa ban bari ya sha ba. Na wanke shi tas. Na ce karatun lakwal ɗin ke nan, ka zana ƙarya ka ba makaho? Ya ce allon ba ƙarya a ciki, daga babbar taswirar biro ya kwafa, layi bai kauce ba. Na ce au, musu za ka yi? Na fizgo allon na fita tsakar gida, na juya na daidaita tsayuwata, na riƙe shi kansa a gaba. Na ce, "Ga gida, ga masallaci a hannun hagu. Hagu ina ne? Arewa! Masallacinmu a arewa yake, Yaya? Hanyar Tsibiri ka aika shi!"

Shi ba allon yake kallo ba, ƙafafuna yake kallo. Ya ce, "Me ya sa kika juya?"

Na ce, "Na juya ina?"

"Kafin ki duba allon sai da kika fuskanci gabas."

"To ina zan fuskanta? Kan allo ai gaba ne, gaba kuwa gabas ce. Wannan ma sai an kai mutum lakwal?"

Sai ya nemi turmi ya zauna. Ya dafe kai. Da ya ɗago ya yi mini bayani, ya ce a lakwal da biro saman takarda arewa ne, kullum, ko'ina, har ya manta akwai mai ganin duniya ta wata fuska. Mu kuwa gabas muke sa wa gaba, a salla, a kwanciyar kabari, a kwatancen gona, arewa tana hagunmu, gusum tana dama. Baba ya karanta allon daidai, irin karatun da kowane Bahaushe zai yi masa. Yaya ya ce, "Shi ya sa masu unguwa suke ta kafa turakun filaye a kusurwar da ba ita ba, muna cewa taurin kai ne. Safiya, allon nan na Mai Ƙafa Uku ne, na ɗauka na ba Baba."

Abin da nake so da yayana ke nan. Wani da sai ya yi fushi, ko ya ce mutanenmu jahilai ne su koyi arewa. Shi ko washegari da rana tsaka ya karɓi ɗankwalina ya ɗaure idonsa, ya ɗauki sanda ya fita. Babban mutum da kakin biro yana lalube a titi yana karo da zana! Jama'a suka fito kallo, ana cewa aljanun takarda sun taɓa shi. Wata mai bakin tsiya ta ce dama ƙarshen ɗan lakwal ke nan, na ajiye tulu na ce ta maimaita, ba ta maimaita ba. Kullum in ya taso daga aiki sai ya yi wannan tafiya, ya je masallaci ya dawo, gwiwarsa duk ƙurji. In ya cire ɗankwalin sai ya zauna yana faɗa mini abin da ya samo.

Ya ce yawancin layukan da ya sassaƙa a allo ba su da amfani ga mai sanda, cika hannu kawai suke. Abin da makaho yake bukata kaɗan ne: inda ƙarar maƙera take, inda yashi yake zurfi sannan ƙasa ta yi tauri, rijiyar da mata suke hayaniya, inuwar da take sauka a ka. Da farko ya sa wani babban gawo cikin alamunsa, sai ya tuna gawo da damina yake zubar da ganye, azumin kuma cikin damina zai faɗo, ranar da ake bukatar inuwarsa babu ita. Ya cire shi ya sa tsamiyar da ke gaba kaɗan. Ni ina jinsa ina mamaki, mutum ya zauna yana tunanin ganyen gawo saboda tsohon da ko sunansa ba ya kira.

Saura abu ɗaya, a kan me za a yi zanen? Baba ya rantse ba zai ƙara taɓa allo ba, kuma ko ya yarda, ladan riƙe da katako a titi abin kallo ne. Wata la'asar muna zaune Baba ya tashi salla a ɗaki, ya laluba buzunsa, ya kama wuyan ya juya shi gabas kamar yadda yake yi tun kafin a haife mu. Yaya ya dafa hannuna. Ya ce a hankali, "Kin gani? Buzu ba ya ɓata gabansa. Wuya kullum gabas. Kuma ba wanda zai kalli malami sau biyu don ya shimfiɗa buzu a inuwa. In ma ya rikice, tambayar gabas ba abin kunya ba ce, mai ido ma yana yi."

Ni na sato buzun, na ce zan kakkaɓe shi in shanya. Muka kai wa Sha'ibu wanzami. Yaya ya zana da alli a kan gashin, Sha'ibu ya bi da aska yana aske siraran hanyoyi har fata, yana yi yana dariya, wai yau ya yi wa mataccen rago aski. Gidanmu yana wajen wuya, daidai inda tafin hannu yake sauka a sujada. Masallaci yana can wajen wutsiya, yamma ke nan. Tsakaninsu hanya ɗaya ce mai faɗi, sai 'yan gajerun tsagi a inda wasu tituna suka gitta, don ya san ya wuce su. Ni na ɗinka alamun: ƙulli a maƙera, ƙulli biyu a tsamiya, a rijiya kuma na ɗinka farin wuri irin na kuɗin da, don a ganina ya fi kyau.

Muka mayar da buzun inda yake muka yi shiru. Da azahar sai muka ji ihu daga ɗaki. "Wane la'ananne ne ya aske mini buzu? Kuma wace ce ta dasa mini dutse a gwiwa?" Wurin nan nawa ne ya durƙusa a kai. Na ce a raina alhamdu lillahi, ko ba komai murya ta dawo. Yaya ya matsa bakin ƙofa ya zauna, ya ce da ƙarfi, "Safiya, ce wa mai buzu wuya gabas ne, kamar kullum. Inda hannunsa na dama yake sauka, gida ne. In ya bi askin zuwa wutsiya zai ji maƙera, zai ji rijiya, zai ji tsamiya." Can sai Baba ya ce, "Gaya wa ɗan lakwal ya lalata mini buzu." Amma bai jefo shi waje ba. Da yamma na cire wurin na sa ƙullin zare.

Daga ranar in na leƙa sai in tarar da shi zaune yana shafa gashin nan, yatsa yana tafiya daga wuya zuwa wutsiya, ya dawo, leɓensa yana motsi. In ya ji motsina sai ya ɗauke hannu ya kama tasbaha. Ya fara cin tuwo. Wata rana ya tambaye ni, kamar ba da gangan ba, wai maƙerar nan ta wace ce, kuma suna aiki ranar Juma'a? Na gaya wa Yaya, ya yi murmushi, ya ce in ce masa ba sa yi, amma warin gawayi yana nan.

A kwanakin ne kuma Yaya ya kai maganar biro. Mai Ƙafa Uku ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai taswirar biro ta zauna yadda take, sauran ya yi abin da ya ga zai rage rigima. Sai Yaya ya yi wa kowane mai unguwa tasa a kan ƙyallen akoko, gabas a sama, da shunin marina don kada ruwa ya wanke, a naɗe a sa aljihu. Rigimar turaku ta kwanta. Daga baya direbobin kamiyon gyaɗa suka zo, ya yi musu doguwa siririya mai manyan alamu da za a gani ko mota tana girgiza, ta rani daban, ta damina daban, don mashigin Gulbi ba ɗaya ba ne. Manoman Jiratawa kuwa ba ya ba su takarda, tsayar da su yake su fuskanci gabas, ya zana musu a ƙasa da kara, su gyara masa, ya gyara musu. Har ya bar aiki, in ka ce ya yi maka taswira sai ya tambaye ka wa zai riƙe ta, a tsaye ko a zaune, da rani ko da damina. Amma wannan duk daga baya ne, bari in koma kan Baba.

Ranar da ake duban watan azumi ta zo, Liman bai ji daga gare mu ba, an ce har ya yi wa wani magana. Bayan azahar Baba ya yi wanka, ya sa farar rigarsa, ya ɗaura rawani. Ya saɓa buzu ya ɗauki sanda. Ya tsaya a zaure ya ce, "Duk wanda ya biyo ni ban yafe ba." Yaya yana biro, dama ya yi alkawarin ba zai bi shi ba. Ni kuwa ban yi wa kowa alkawari ba. Na bari ya yi nisa, na cire takalmi na riƙe a hannu, na bi shi daga baya, Allah ya yafe mini.

Ya sa rana a goshinsa ya miƙa yamma. Da farko a hankali, sanda tana bugun ƙasa, sannan na ga kafaɗunsa sun buɗe. Ya wuce maƙera, har ya ɗaga hannu ya yi musu sannu da aiki. Ya wuce rijiya. Sai ga abin da ba ya cikin buzu: wani ya jibge tulin tubali a rabin hanya zai yi gini. Sanda ta bugi tubali, Baba ya kauce, ya sake kaucewa, ya zagaya, hadari kuma ya rufe rana. Na ga ya tsaya fuskarsa tana kallon arewa. Wayyo, na cusa mayafi a baki don kada in yi kira. Ƙafata har ta ɗaga.

Sai ya sauke buzunsa a gefen hanya, ba gaggawa. Wani mai jaki yana wucewa, Baba ya ce, "Bawan Allah, ina gabas?" Mutumin ya ce, "Ga ta a damanka, Malam," ya yi gaba abinsa, ko waiwaye bai yi ba. Baba ya juya wuyan buzu, ya zauna a gefensa kamar mai hutawa, yana shafa gashi. Duk wanda ya gan shi zai ce malami ne yake jiran la'asar. Ya ɗan jima, sannan ya miƙe, ya saɓa, ya ba gabas baya. Da inuwar tsamiya ta rufe shi na ji ya yi gyaran murya irin ta da.

Mutane sun fara taruwa a masallaci. Ni na raɓe bayan zanar da ta kewaye wurin alwala, ina leƙe ta wata kafa. A can ƙarshen rumfa na hango Yaya zaune da kakinsa, ashe daga biro nan ya wuto ya zauna jira, bai bi shi ba, bai karya alkawari ba. Baba ya shigo, sandarsa ta taɓa dokin ƙofa, ya cire takalmi ya yi sallama. Liman ya miƙe tsaye, ya ce, "Ladan! Ikon Allah. Wa ya kawo ka?"

Baba ya ce, "Ilyasu ya kawo ni."

Liman ya duba bayansa bai ga kowa ba, kuma ya san a bakin nan ba a taɓa jin sunan nan ba. Ya ce, "Wa?"

"Ɗana Ilyasu. Kunnenka ya mutu ne, Liman? Ina matakalar take?"

Har yau ban sani ba ko ya san Yaya yana zaune a wurin. Ban tambaye shi ba, shi ma bai ƙara faɗin sunan ba har ya koma ga Allah. Yaya dai ya jawo hularsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Aka gaya wa Baba matakala tana damansa, ya lalube ta ya hau da kansa, buzu a kafaɗa, ya toshe kunne ya ɗaga murya. 'Yan kasuwa suka tsaya da ciniki. Zainabu matar Yaya ta ce tana tsakar gidanmu ta ji shi tangaran, ta saki muciya a tukunya.

Ni kuwa ina bayan zana, takalmi a hannu, ina kuka da majina. Wata mata ta dafa ni tana tambaya ko mutuwa aka yi mini. Na ce ta matsa ta ba ni wuri in ji, ubana ne yake kiran salla.